Shekara 18 a Kan Ƙanƙara: Labarin Nazarova da Nikitin



Bayan gasar inta-haus da ta wuce, na ji wani ɗan ajinmu yana cewa duk wanda bai hau kan teburin karɓar kyauta ba, wahalar banza ya sha. Maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na kawo muku labarin wasu mutum biyu daga ƙasar Yukren da suka shafe shekara 18 suna wasa ɗaya, suka je gasar Olamfik sau biyu, ba su taɓa shiga cikin goma na farko a can ba, amma ranar da suka yi wasansu na ƙarshe a gasar duniya sai da 'yan kallo suka miƙe tsaye. Sunansu Oleksandra Nazarova da Maksym Nikitin, wasansu kuwa rawa a kan ƙanƙara.

Na san wani zai yi dariya. A nan Kaduna, idan aka ce ƙanƙara, abin da ke zuwa mana a rai shi ne wadda masu zoɓo da kunun aya ke saya a Kakuri ko Sabon Tasha su fasa a cikin kula, ko kuwa 'yan ƙananan da kan faɗo tare da ruwan farkon damina, yara su fita suna tsinta. To ku yi haƙuri mu fara sanin filin da wasan kansa, kafin mu zo kan mutanen.

Filin da takalmin

Filin wasan yana cikin babban ɗaki ne mai rufi. Tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 30, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na filin ƙwallon ƙafa irin na Ahmadu Bello. A ƙarƙashin daɓen an shimfiɗa bututai da wani ruwa mai tsananin sanyi ke zagayawa a ciki, kamar yadda firji ke aiki. Sai a yayyafa ruwa a kan daɓen kaɗan-kaɗan yana daskarewa, har ya zama shimfiɗa mai santsi kamar madubi. Injinan ba sa hutawa dare da rana. Mu da muka san abin da kan faru da kayan cikin firji idan aka ɗauke wuta kwana biyu, ba sai an yi mana dogon bayani a kan tsadar wannan wasa ba.

Takalmin na fata ne mai tauri da ke kama idon sawu. A ƙasansa an ɗaure wani dogon ƙarfe siriri, kaurinsa bai wuce milimita 4 ba. Tsakiyar ƙarfen a ɗan loɓe take, saboda haka yana da kaifi biyu, na ciki da na waje. Idan ɗan wasa ya karkata jikinsa, kaifi ɗaya ya kama ƙanƙarar, sai ya tafi a lanƙwashe kamar mai keke da ke shan kwana. Gwanintar duka tana wajen sauya kaifin nan cikin sauri ba tare da an ga alamar wahala ba. Masu son Fiziks su tambayi malaminsu dalilin da ya sa ƙarfen ke sulalewa haka: a saman ƙanƙara akwai wani siririn lulluɓi mai kama da ruwa, gogayyar ƙarfen kuma tana ƙara narkar da shi.

Mece ce rawar ƙanƙara?

Wasan nuna gwaninta a kan ƙanƙara yana da rassa. Akwai na mutum ɗaya, namiji ko mace, inda ake tsalle a juya a sama sau uku ko huɗu. Akwai na mutum biyu inda namijin kan ɗaga macen sama da kansa, har ya wurga ta ta sauka da ƙafa ɗaya. Rawar ƙanƙara ita ma ta mutum biyu ce, amma dokokinta daban. Ba a yin manyan tsalle-tsallen nan, ba a wurgi, ba a ɗaga abokiyar rawa can ƙololuwa. Abin da ake so shi ne takun ƙafa da ya dace da kiɗa, da tafiya tare kusa da juna kamar mutum da inuwarsa. Wanda ya taɓa kallon 'yan koroso a ranar al'adu, yadda biyu-biyu suke taka rawa kowa ya san inda ɗan'uwansa zai sa ƙafa, ya fahimci rabin abin. Sauran rabin shi ne a yi hakan ana gudu a kan bakin wuƙa.

Akwai wani juyi da ya fi ba 'yan rawar tsoro, suna ce masa tuwizil. Kowannensu zai tsaya a kan ƙafa ɗaya yana juyawa kamar katantanwa, kuma yana ci gaba da tafiya a lokaci guda, su biyun su fara tare su gama tare. Idan ɗaya ya riga ɗaya da ƙiftawar ido, alƙalai sun gani.

Gasar kashi biyu ce. Rawar farko gajera ce, ta kusan minti 3, kuma hukumar wasan ta duniya, ISU, ita ke faɗin irin kiɗan da kowa zai bi a wannan shekarar. Rawa ta biyu minti 4 ce, 'yan wasa ke zaɓen kiɗansu da labarin da suke son nunawa. Wani ƙaramin kwamiti na mutum uku yana duba wahalar kowane motsi ya ba shi mataki daga 1 zuwa 4. Alƙalai tara kuma su ƙara maki ko su rage gwargwadon kyan aikin, sannan a cire maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta, don kada son kan alƙali ɗaya ya yi tasiri. An kawo wannan tsarin ne bayan rigimar maguɗin alƙalanci da ta tashi a Olamfik ɗin 2002 a Amurka.

Ku riƙe wannan doka ɗaya, za mu dawo kanta: a manyan gasa, 20 na farko a gajerar rawa su kaɗai ake bari su yi ta biyu. Sauran su tattara kayansu.

Yara biyu a Kharkiv

Kharkiv shi ne birni na biyu mafi girma a Yukren. Yana arewa maso gabashin ƙasar, kuma tsakaninsa da iyakar Rasha bai kai rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya ba. Birni ne na jami'o'i, 'yan Najeriya da yawa sun yi karatun likita da injiniya a can. A nan aka haifi Maksym ranar 5 ga Oktoba 1994, aka haifi Oleksandra ranar 30 ga Nuwamba 1996.

Kowannensu ya fara koyon wasan shi kaɗai. Wajen shekarar 2004 wata mai horarwa, Halyna Churilova, ta haɗa su su riƙa rawa tare. Yarinyar ba ta wuce shekara 8 ba, yaron bai wuce 10 ba, wato 'yan firamare. A wannan wasa abokan rawa kan rabu sau da yawa. Wani lokaci yarinya ta yi tsawo fiye da yadda yaron zai iya ɗaga ta, wani lokaci iyaye su saɓa, wani lokaci wata ƙasa ta zo da tayin kuɗi da fasfo ta ɗauke ɗaya. Waɗannan biyun ba su taɓa sauya juna ba har ranar da suka bar gasa. A ganina wannan kaɗai abin a tsaya a duba ne. Mu da kan kasa gama zango ɗaya da abokin benci ba tare da an kai ƙara wajen malamin aji ba, mun san ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙasarsu ba baƙuwa ba ce a wasan ƙanƙara. Lambar zinare ta farko da Yukren ta samu a Olamfik bayan ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, wata yarinya 'yar shekara 16 ce, Oksana Baiul, ta ciyo ta a 1994. A rawar ƙanƙara kuma Elena Grushina da Ruslan Goncharov sun ci tagulla a Turin ta Italiya a 2006, lokacin Oleksandra da Maksym suna ƙanana suna kallo. Saboda haka sun taso da abin koyi a gabansu.

Shekarun ƙuruciya, lokacin da lambobi suka zo

Sun fara fita gasar matasa ta ƙasa da ƙasa a 2010. A watan Janairu 2012 aka yi Olamfik ɗin matasa na lokacin sanyi karo na farko a tarihi, a birnin Innsbruck na Ostiriya, suka zo na biyu, suka karɓi azurfa. Tana da shekara 15, shi 17, tsaran 'yan SS 1 da SS 3. Waɗanda suka sha gabansu 'yan Rasha ne, Anna Yanovskaya da Sergey Mozgov.

A 2013 suka bar gida suka koma Mosko don su yi horo a hannun Alexander Zhulin, wanda shi kansa ya taɓa zama zakaran duniya a 1993. A wancan lokacin ba wanda ya ga abin mamaki a nan. Manyan masu horar da rawar ƙanƙara ba su da yawa a duniya, kuma mafi kusa da Kharkiv suna Mosko. Shekara ɗaya bayan haka Rasha ta karɓe yankin Kirimiya daga hannun Yukren, faɗa ya ɓarke a gabashin ƙasar. Sai ga matasa biyu suna atisaye kullum a babban birnin ƙasar da ke rigima da tasu, idan ranar gasa ta zo kuma su fito da tutar Yukren.

A watan Maris 2015, a Tallinn ta Estoniya, suka ci tagulla a gasar matasa ta duniya. Yanovskaya da Mozgov ne suka sake zuwa na ɗaya. Wannan ce shekararsu ta ƙarshe a rukunin matasa. Daga nan sai cikin manya.

Na 21

A nan ne labarin ya sauya, kuma a nan nake so ɗan ajinmu ya karanta a hankali. Gasar matasa ta tsara ɗaya ce, kowace shekara manya na ficewa suna bar wa na baya wuri. A gasar manya ba mai ficewa don ya ba ka hanya. Nazarova da Nikitin sun tarar da Tessa Virtue da Scott Moir na Kanada, waɗanda suka ci zinaren Olamfik tun 2010, da Gabriella Papadakis da Guillaume Cizeron na Faransa, da jerin Amurkawa da Rashawa da Italiyawa da ke da kuɗi da filaye da tarin masu horarwa. A wannan wasa kuma suna yana da nauyi. Alƙalai kan ɗauki shekaru kafin su saba da sababbin fuska, shi ya sa hawa daga na 15 zuwa na 10 kan ci wa mutum rabin rayuwarsa ta wasa.

A 2016 suka ƙaura zuwa jihar Michigan ta Amurka, wajen Igor Shpilband, ɗaya daga cikin waɗanda suka horar da Virtue da Moir. Shekarar 2017 ta yi musu kyau. Sun ci zinare a gasar ɗaliban jami'o'i ta duniya ta lokacin sanyi a Almaty ta Kazakistan, sannan suka zo na 15 a gasar duniya a Helsinki. Kada ku raina wannan na 15 ɗin. Gurbin Olamfik ba a raba shi kyauta. Mafi yawan guraben ana samun su ne a gasar duniya ta shekarar da ta gabata, kuma sunan ƙasa ake rubutawa, ba na ɗan wasa ba. Matsayin da suka samu a Helsinki shi ya buɗe wa Yukren ƙofa.

A watan Fabrairu 2018 suka isa Pyeongchang ta Koriya ta Kudu. Tawaga 24 ce ta yi gajerar rawa. Da aka gama lissafi, sai ga Nazarova da Nikitin a na 21.

Ku tuna dokar da na ce ku riƙe. Shekara 14 suna atisaye, sun bar iyaye, sun zauna a ƙasashe biyu, sun shirya rawa ta biyu sun ɗinka mata kaya, amma matsayi ɗaya tak ya hana su nuna ta. Olamfik ɗinsu gaba ɗaya bai cika minti 3 ba. Wanda ya taɓa rasa kiredit a Lissafi da maki ɗaya ya san irin wannan ciwon, sai dai shi yana iya sake zama baɗi. Su kuwa sai bayan shekara huɗu.

Bari in ɗan ratse, domin a wannan gasar ce Najeriya ta fara shiga Olamfik na lokacin sanyi. Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga sun yi tseren amalanken ƙanƙara, bayan sun fara koyo da wani amalanken katako da Adigun ta haɗa a Houston ta Amurka. Simidele Adeagbo kuma ta yi tseren da ake kwanciya rub da ciki a kan ɗan allo a gangara da kai a gaba, ta zo ta 20 cikin 20. Mun yi murna da su a matsayin jarumai, kuma sun cancanta. To a cikin gasar nan guda, a kwanakin nan guda, wasu biyu suna haɗiye baƙin cikin zuwa na 21. Lamba ɗaya a kan takarda tana iya zama biki a wani gida, ta zama makoki a wani.

Na 20

Da yawa kan ajiye takalmi bayan irin wannan. Su ba su ajiye ba. Sun ci gaba da yawo gasa-gasa a Turai, suna riƙe da kambun ƙasarsu, wanda suka ci har sau shida tsakanin 2015 da 2022. Annobar korona ta zo ta rufe filaye, aka soke gasar duniya ta 2020. Ɗan tsere yana iya gudu a kan titin unguwarsu, mai rawar ƙanƙara kuwa idan aka kulle fili ba shi da abin yi sai motsa jiki a tsakar ɗaki.

A Fabrairu 2022 suka je Beijing. A wannan karo sun tsallake, suka yi rawarsu ta biyu a gaban duniya, suka gama a na 20. Papadakis da Cizeron suka ɗauki zinare. Daga 21 zuwa 20, a shekara huɗu. Mai kallon jadawali zai ce ba abin da ya sauya. Amma wannan taki ɗaya shi ne bambancin wanda aka sallama tun da rana da wanda ya ga ƙarshen taro.

An rufe gasar Beijing ranar 20 ga Fabrairu. Suka koma gida Kharkiv.

Minti uku a Montpellier

Da asubahin 24 ga Fabrairu 2022, kwana huɗu da rufe Olamfik, sojojin Rasha suka afka wa Yukren. Saboda kusancinsa da iyaka, Kharkiv na cikin biranen da aka fara yi wa ruwan bama-bamai. Mutane suka koma kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da tashoshin jirgin ƙasa na cikin rami. Wataƙila wasunku sun tuna hotunan ɗaliban Najeriya suna tafiya a ƙafa cikin sanyi zuwa iyakokin Poland da Romaniya da Hangari, kafin gwamnati ta aika jirage su kwaso su a watan Maris. Daga cikin biranen da suka gudo har da wannan.

Gasar duniya kuwa saura wata ɗaya, a birnin Montpellier na Faransa. Ranar 1 ga Maris hukumar ISU ta hana 'yan wasan Rasha da Belarus shiga. Oleksandra ce ta fara samun hanyar fita zuwa Poland. Maksym ya daɗe a baya, domin dokar yaƙi ta hana maza 'yan shekara 18 zuwa 60 barin ƙasar sai da izini na musamman. Da suka sake haɗuwa, 'yan kwanaki kaɗan suka rage musu na atisaye, bayan makonni ba su taka ƙanƙara ba.

Abin da suka yi da 'yan kwanakin nan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki. A ƙa'ida, 'yan rawa kan shafe watanni suna gina rawa ɗaya, kowane taku an auna shi da bugun kiɗa, sannan su yi ta maimaita ta shekara guda. Mai hankali zai ce su riƙe wadda jikinsu ya saba da ita. Sai suka sauya kiɗan. Suka ɗauko waƙar nan mai suna 1944 ta mawaƙiya Jamala, wadda ta ci gasar waƙa ta Turai a 2016, waƙar da ke magana a kan yadda gwamnatin Stalin ta kwashe al'ummar Tatar daga Kirimiya da ƙarfin tsiya a shekarar 1944. Suka haɗa ta da wata tsohuwar waƙar kishin ƙasa ta Yukren da mutane suka farfaɗo da ita a kwanakin farko na yaƙin.

Ranar gasa ba su sa kayan ado masu ƙyalli irin na 'yan rawa ba. Da rigunan tawagar ƙasarsu suka fito, masu launin tutar Yukren, shuɗi da rawaya. Da suka gama, jama'ar da ke ɗakin suka miƙe suna tafi, aka daɗe ba a zauna ba.

Alƙalai dai aikinsu suka yi, suka ba su na 16. Wato sun shiga cikin 20, suna da cikakken haƙƙin yin rawa ta biyu, abin da suka yi shekara huɗu suna nema bayan Pyeongchang. Sai suka janye. Rawar tasu ta biyu an gina ta ne a kan kiɗan wani fim na nishaɗi da soyayya mai suna Moulin Rouge, kuma sun bayyana cewa bai dace su yi irin wannan rawa ba alhali ana kashe mutane a garinsu. Lokacin shirya wata sabuwa kuma babu.

A 2018 doka ce ta hana su rawa ta biyu. A 2022 an buɗe musu ƙofa, su da kansu suka ƙi shiga. Papadakis da Cizeron suka ci wannan gasar a gaban mutanen ƙasarsu. A jadawalin ƙarshe babu lamba a gaban sunan Nazarova da Nikitin, sai alamar cewa sun janye. Daga baya a cikin wannan shekarar suka sanar da cewa sun bar gasa, ita tana da shekara 25, shi 27.